Mun bi duhu har gaban Pambeguwa

A cikin garin Kaduna yanzu in ka ɗaga kai da daddare taurarin da za ka gani ba su taka kara sun karya ba, ko da an ɗauke wuta kuwa, don janareto da fitilun sola na kan titi da na gidajen mai sun riga sun shafe saman da wani haske mai ruwan ƙasa-ƙasa. Daga saman benenmu a Unguwan Dosa wata yana ɗaukuwa, manyan taurari ma haka, amma duk wani abu mai dishi-dishi sai dai ka gan shi a hotunan mutanen waje. Kuma mu a nan lokacin da sama take bari a kalle ta ɗan kaɗan ne. Damina gajimare, hunturu kuma hazo, wannan ƙurar da iska ke kwasowa tun daga yankin Bodele na ƙasar Cadi ta zo ta zauna mana a ka har Maris. Abin da ya rage shi ne ɗan tsakanin nan na kaka, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke ya bar sama a wanke, hazo bai iso ba tukuna, sannan kuma sai ka haɗa da ƙarshen watan Musulunci lokacin da babu farin wata. In ya wuce ka to sai baɗi.

Shi ya sa da abokina ya ce kawunsa ya yarda mu je mu kwana a ƙauyensu mu ɗauki hoton taurari ban tsaya wani dogon tunani ba. Shi yana da wata 'yar na'urar hangen nesa Seestar S50 da aka taho masa da ita daga waje, kusan dala 500, ƙarama ce ana sa ta a jakar goyo, da waya ake sarrafa ta. Ni kuma tsohuwar Canon ɗina ta hannu, da gilashi mai milimita 200, da maɗori mai ƙafa uku, da 'yar na'urar da ke juya kyamara a hankali tana bin tafiyar taurari. Sai fawa banki da tocila da muka naɗe wa jar leda, da rigunan sanyi.

Kafin azahar muka bar Kawo, don kowa ya san yanzu ba a bin hanya da dare, duk son taurarinka. Rigachikun, Maraban Jos, muka karya dama muka ɗauki hanyar Saminaka. Titin wani wuri lafiya wani wuri sai addu'a, manyan motoci sun cinye shi. Hagu da dama masara ce an kakkarye ta an tara, dawa ta sunkuyar da kai, ga waken suya an baza a gefen kwalta yana shan rana. A wani shinge aka ce mu buɗe but, jami'in ya ga doguwar baƙar jaka ya ja baya kaɗan ya ce mene ne wannan, na zuge na fito da ƙafafun kyamara na kafa masa su a bakin titi. Ya ce fim kuke yi? Abokina ya ce a'a yallaɓai taurari za mu ɗauka. Ya dube mu sama da ƙasa ya ce to na Kaduna sun ƙare ne, Allah ya kiyaye hanya. A Pambeguwa muka yi sallah muka sayi balangu da rake, gaba kaɗan muka sauka daga kwalta muka shiga burji. Sunan ƙauyen zan bar shi a cikina.

Abin da masu koyar da wannan harka a YouTube ba za su taɓa gaya maka ba, don ba matsalarsu ba ce, shi ne a wajenmu kafin ka saita kyamara sai ka saita mutane. Kawu bai bari mun sauke ko jaka ba sai da ya kai mu wajen mai unguwa. Muka tsuguna, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, Kawu ya yi bayani cewa wannan ɗan ƙanwarsa ne wannan kuma abokinsa, 'yan boko ne masu binciken sama. Aka kira shugaban 'yan banga. Ni da na hango wani dutse a bayan gari na riga na ƙwallafa rai a kansa, mutumin ya ce sam, ba mai hawa dutsen nan bayan magariba, in aka hango haske a can ba za a tsaya tambayar ko waye ba. Ya ce ga masussuka nan bayan masallaci, fili ne fetal, ku zauna nan inda muke ganinku. Ya kuma ce a kunna na'urar a gabansa tun da rana. Abokina ya kafa ta, ta ɗaga hannunta da kanta tana 'yar ƙara tana juyawa, yara suka watse da gudu, shi kuwa bai ko motsa ba, ya leƙa waya ya ga ta jawo wata bishiyar giginya da ke can nesa har ana ganin 'ya'yanta. Ya ce to wannan ai mu ya kamata a saya wa.

Ana idar da magariba manhaja ta nuna tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa za ta wuce, wadda ake kira ISS. Na riga na gaya wa Kawu, shi kuma ya gaya wa mutanen masallaci, kuma da gangan na yi haka. Tun abin da ya faru a Tudun Biri a Disamban 2023, da jirgi maras matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi, mutanen karkarar Kaduna ba sa kallon haske mai tafiya a sama da wasa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Don haka na ce musu minti kaza zai fito daga can, ba ya ƙyaftawa, ba ya ƙara, zai ratsa ya ɓace. Aka yi cirko-cirko. Sai ga shi kuwa ya taso fari tas, ya fi duk taurarin da suka fara fitowa haske, yana tafiya sumul. Wani dattijo ya ce la'ilaha illallahu, da mutane a ciki ka ce? Na ce e Baba, galibi su bakwai, kuma tun Nuwamban 2000 ba a taɓa barinsa ba kowa ba. Nisansa daga ƙasa wajen kilomita 400 ne, gudunsa kusan kilomita 28,000 a awa, cikin minti 90 ya zagaye duniya. Ba fitila gare shi ba, hasken rana ne ke dukansa can sama alhali mu nan ta faɗi, shi ya sa kafin ya kai ɗaya gefen sai ya yi ja-ja ya dushe, ya shiga inuwar duniya ke nan. Na bar kyamara a buɗe daƙiƙa 20 da ƙaramin gilashi, ya fito a hoton farin layi miƙaƙƙe a saman hasumiyar masallaci.

Bayan shi ƙananan taurarin ɗan Adam suka yi ta wucewa, kafin isha na daina ƙirgawa. Da yawansu na Starlink ne masu ba da intanet, waɗanda ke yawo a wajen kilomita 500 daga ƙasa, dubbai ne a sama yanzu, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da suka fara aiki a cikinta a farkon 2023. Ni dai raina biyu a kansu. Wanda ke ƙauyen da sai ya hau tudu yake samun sabis ba zan ce masa intanet daga sama ɓarna ce ba, amma duk mai ɗaukar hoton sama ya san yadda suke zana masa layi a tsakiyar aiki.

Goggo ta aiko da tuwon masara miyar kuka da man shanu, muka ci a nan kan tabarma, sannan aka shiga aikin da ya kawo mu. Da duhu ya gama zama wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci, farin hazon taurarin nan ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan, har da baƙaƙen ramuka a cikinsa inda ƙura ta tare haske. Abokina ya tura na'urarsa yamma, wajen tarin taurarin Cygnus, kan abin da ake kira Veil. Ɓurɓushin wani ƙaton tauraro ne da ya fashe shekaru dubu 10 zuwa dubu 20 da suka wuce, nisansa tafiyar haske ta shekara 2,400 ko kusa da haka. Da ido ba ka ganin komai a wurin. Hoton farko da ya shigo waya ma ba komai sai ɗige-ɗige da dusa, wani yaro ya ce ta lalace. Abin shi ne na'urar daƙiƙa 10 kawai take buɗe ido ta rufe, ta sake, ta sake, tana ɗora kowane hoto kan na baya. Kamar adashi ne, zubi ɗaya ba ya sayen komai, sai an yi ta zubawa kafin a kwashi abin kirki. Hasken gaske kullum wuri ɗaya yake sauka sai ya taru, dusar kuwa kowane hoto da inda take faɗawa sai ta cinye kanta. Bayan minti 15 wani lanƙwasasshen abu ya fara bayyana, bayan minti 40 ga shi nan zare-zare, gefe ja gefe shuɗi-kore. Jan iskar haidirojin ce, shuɗin kuma oksijin, akwai matacin haske a cikin na'urar da ke barin waɗannan launuka biyu su wuce ya rage sauran. Yaron da ya ce ta lalace shi ne ya ƙi tafiya gida sai da yayarsa ta zo ta ja shi da kunne.

Ni nawa aikin ya fi wahala. Na'urar bin taurari sai an daidaita ta da tauraron arewa, shi kuma tsayinsa a sama daidai yake da nisan wurin da kake daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, mu a Kaduna digiri 10 da ɗan wani abu. Wato in ka miƙa hannu ka dunƙule, tsayin dunƙulen nan kawai ya ɗaga daga ƙasa. Bature a Ingila yana ganinsa sama da digiri 50, ya saita cikin minti biyu, ni kuwa ina durƙushe a ƙasa kunci kusan a turɓaya ina leƙensa ta tsakanin rumbu da bishiyar ɗorawa. Amma abin da muka rasa a arewa mun same shi a kudu ninki, akwai sararin da su har su mutu ba za su gani daga gidajensu ba.

Ina cikin wannan durƙuso Malam Liman ya iso da sandarsa, tsoho ne sosai amma idonsa garau. Na ce Allah gafarta Malam ga waya ta nuna maka sunayensu, ya ce bar wayarka tukuna. Ya ɗaga sanda gabas ya ce ga Kaza da 'ya'yanta, ita ce Surayya, wancan jan da ke bin ta Dabaran. Muka zauna yana ba mu lissafin manzilolin nan 28 da malamai ke yi wa manoma, kowane tauraro kwana 13 sai guda ɗaya mai 14, shekara ta cika 365. Wajen ƙarfe goma ya nuna wasu ƙanana uku da suka haɗa kai a saman taurarin Orion ya ce Haƙa'a ke nan, bayanta Hana'a, sai Zira'a, na damina. Na duba manhajar taswirar sama ta Stellarium a ɓoye, wurin da ya nuna ɗin ne babu kuskure. Ya ce a wajen mahaifinsa ya koya, a wannan filin, amma yanzu ko almajiransa sai dai su karanta a takarda, in ka ce su nuna maka a sama sai su kama sosa ƙeya. Wani tauraro ya yanko ya faɗi da dogon haske, ya yi a'uziyya, ya ce zai je ya ɗan kishingiɗa.

Sha biyu da rabi na yi abin da na daɗe ina son gwadawa. Na kashe na'urar bin taurari gaba ɗaya, na nufi taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar Orion, na bar kyamara a buɗe minti uku. Tunda duniya na juyawa duk taurari sai suka zama layi-layi, amma a tsakaninsu ga wasu 'yan ɗige a tsaye cak, a jere. Waɗannan su ne taurarin ɗan Adam da ke can kilomita 35,786 a saman layin nan da ya raba duniya biyu, inda zagaye ɗaya ke ɗaukar kwana guda daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum suna wuri ɗaya, shi ya sa kuma mai saita dish yake ɗaure shi sau ɗaya ya tafi abinsa. Daga Turai layinsu yana bi ta dab da gajimaren Orion ne, wani hazo mai haske da ke kudu da ukun nan, daga wajenmu kuwa yana bi ta kan Alnitak, na ƙarshen ukun nan. A lissafin manhaja ɗaya daga cikin ɗigen da ke wannan yanki NigComSat-1R ne, namu, wanda aka harba daga Xichang ta ƙasar Sin a Disamban 2011 ya maye gurbin na farko da aka harba a 2007 ya mutu a 2008, yana zaune a digiri 42.5 gabas. Na nuna wa ɗan bangan da ke zaune kusa da mu da bindigarsa ta toka a cinya, na ce ga kayan gwamnati. Ya ƙura ido ya ce ɗan wannan? Na ce shi. Ya ce to Allah ya sa albarka.

Daga nan sanyi ya fara shiga ƙashi, raɓa kuma ta sauko, don ƙasa ba ta gama bushewa daga damina ba. Raɓa ita ce babbar abokiyar gaba a wannan lokaci, tana kwanciya a gilashi taurari su kumbura su yi dishi-dishi. Seestar tana da abin ɗumama kanta, ni kuma na naɗa wa gilashina wani ɗan ɗamara mai zafi da ke jan wuta daga fawa banki. 'Yan banga suka hura wuta can nesa bayan katanga saboda mun roƙe su, suka dafa shayi mai citta aka miƙo mana.

Wajen ƙarfe biyu da rabi abin da ya fi ja na zuwa wannan tafiya ya hau kusan tsakiyar ka. M1, gajimaren Ƙaguwa, shi ma ɓurɓushin tauraron da ya fashe ne, yana dab da tauraron da ke ƙarshen ƙahon kudu na tarin taurarin Taurus, wato Sa. Gaskiya a hoto ba shi da kwarjinin Veil, ɗan ƙulli ne mai ruwan toka, sai an daɗe ana tarawa sannan jajayen jijiyoyi suke fara fitowa a jikinsa, in ka nuna wa wanda bai san labarinsa ba zai ce miye a ciki. Amma wannan an ga fashewarsa da ido, an rubuta. A Yulin 1054 masana taurarin Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, da dare kuma kusan shekara biyu kafin ya ɓace. Wani likita ɗan Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya ambace shi. Hijira ta 446 ke nan, in aka bi lissafin tarihin Kano lokacin Bagauda na kan sarauta, kuma tunda daga nan yana bi ta saman kai ne babu yadda za a yi mutanen ƙasar nan ba su gan shi ba. Charles Messier na Faransa ya ci karo da ɓurɓushin a 1758 yana neman tauraruwa mai wutsiya, ya sa shi na ɗaya a jerinsa na abubuwan da ke ruɗar masu nema, lokacin Shehu Ɗanfodiyo bai cika shekara huɗu ba. Nisansa tafiyar haske ta shekara 6,500, har yau yana buɗewa da gudun kusan kilomita 1,500 a daƙiƙa, a tsakiyarsa kuma akwai ƙwayar tauraron da ta rage, faɗinta bai kai kilomita 30 ba amma ta fi rana nauyi, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya.

Malam Liman ya fito alwala wajen ƙarfe huɗu ya biyo ta wajenmu. Na nuna masa na ba shi labarin. Ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko wanda ya fashe ɗin yana cikin 28 ɗinsa, na ce a'a Allah gafarta Malam, tsakanin Dabaran da Hana'a yake, naka suna nan lafiya. Ya yi dariya ya ce to madalla. Sannan ya juya kudu ya nuna wanda ya fi kowa haske ya ce wannan fa ka san shi? Na ce Shi'ira. Ya karanto ayar nan ta wajen ƙarshen Suratun Najmi da ta ambace shi, ya nuna Suhailu a ƙasa da shi, ya wuce masallaci.

Abu na ƙarshe a jerina shi ne Vela, wani ɓurɓushin fashewar da ke kudu, mai shekara kusan 11,000, nisansa wajen tafiyar haske ta shekara 800, ya fi su duka kusa da mu kuma faɗinsa a sama ya ninka wata sau goma sha wani abu. Irin abin da na ce mutanen Ingila ba sa samu ke nan. Ya ɗago sosai kafin asuba, na saita na fara tarawa, sai wani ya cinna wa daji wuta can kudu da gari, masu farautar ɓeraye ne in ji 'yan banga. Hayaƙin ya kwanta daidai inda nake nufa. Abin da na samu kafin a kira sallah bai isa komai ba.

Da hantsi muka yi sallama, Goggo ta cika mana but da masara da gyaɗa da kabewa har sai da muka rungumi kayan kyamara a cinya. A gida na zuba hotunan a kwamfuta na haɗa su da Siril, manhaja ce kyauta, ita ce ke tsince layukan Starlink ta zubar, don abin da ya bayyana a hoto ɗaya bai bayyana a sauran ba ba ta lissafa shi. Veil ya fito fiye da yadda na zata, Ƙaguwa ƙarami amma da jijiyoyinsa, na ISS da hasumiya kuwa shi ne wanda aka fi yaɗawa a WhatsApp na ƙauyen, an ce har mai unguwa ya sa a wanke masa. A satin da ya biyo baya hazo ya sauka Kaduna, ko rana da ƙyar ake gani. Vela sai farkon Afrilu, lokacin yana tsaye a kudu da misalin ƙarfe takwas na dare, in an yi sa'a ruwan farko ya wanke ƙura. Mun gaya wa Kawu a waya, ya ce ku zo, amma ku taho da batir ɗin tocila na 'yan banga, kuma ku shigo gari kafin la'asar.